Madubin ƙara girma mai hannuwa biyu: abin da ya yi wa ƙaramin jirgina na duniyar Mars

Idanuna ne suka sa na sayi wannan madubi, domin sun fara gazawa a daidai lokacin da na ɗauko aikin da ya fi kowanne buƙatarsu. Ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Argungu, kuma na daɗe ina son in ƙera wa ɗalibaina ƙaramin samfurin Ingenuity, jirgin nan mai saukar ungulu mara matuƙi da hukumar NASA ta Amurka ta aika duniyar Mars maƙale a ƙarƙashin motar bincike mai suna Perseverance, wadda ta sauka a kwarin Jezero ranar 18 ga Fabrairun 2021. Ba haɗaɗɗun kaya na saya a kwali ba. Komai da hannuna na yanka, daga tsohon katin banki da gwangwanin lemo da allurar ɗinki da siraran wayoyin tagulla da na zare daga igiyar caja da ta daina aiki. Na rage girman jirgin sau 24, saboda haka farfelarsa mai faɗin mita 1.2 ta koma santimita 5, tsayinsa na santimita 49 ya koma santimita 2 da ɗan ɗoriya, gangar jikinsa kuwa ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba.

A wani shagon kayan gyaran waya da ke Birnin Kebbi na sami madubin, irin wanda kowa yake gani a kan teburin masu gyaran waya: gindi na ƙarfe, wuya mai lanƙwasuwa, madubi mai 'yar fitila a ƙasansa, da hannuwa biyu masu bakin kada don riƙe aiki. Kuɗinsa kun san shi, kuma kun san ba shi ne na bara ba. Mai shagon ya tabbatar mini cewa madubin gilashi ne, ni kuma ban ƙwanƙwasa ba, na biya na kama hanya.

A makonni biyun farko, da an ce in rubuta wannan sharhi, da yabo kawai za a karanta. Ƙafafu huɗun jirgin, waɗanda dole kowace ta buɗe daidai da 'yar uwarta in ba haka ba ya tsaya a karkace, sun ba ni wahala kwana da kwanaki kafin zuwan madubin, amma da hannu ɗaya ya riƙe gangar jikin, ni kuma na riƙe waya da hantsaki, a zama biyu na gama su. Fitilar tana aiki da ƙananan batura, don haka ko an ɗauke wuta bayan sallar isha'i ina ci gaba da aikina.

Farfela ita ce zuciyar wannan aiki, kuma a kanta ne abin ya faru. Jirgin na gaske yana da fikafikai huɗu a hawa biyu, na sama da na ƙasa suna juyawa sun saɓa wa juna a kan sanda ɗaya, sau kusan 2,400 a minti ɗaya. Dalilin wannan gudu da wannan faɗi shi ne iskar Mars ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin tamu ba, saboda haka jirgin da nauyinsa duka kilo 1.8 ne yake buƙatar fikafikan da suka fi ƙarfin jikinsa nesa ba kusa ba. Wannan shi ne ainihin darasin da nake son yara su gani da idonsu, shi ya sa ban yarda in yi farfelar a shafe kamar ta fankar wasa ba. Kowane fiffike yana da faɗi kusa da gindi, yana sirancewa zuwa baki, kuma yana da 'yar murɗa. Sai da na yanka goma sha ɗaya daga gwangwani, ina goge gefensu da sanfefa, kafin na sami huɗu da suka yi kama da juna. Daren wata Alhamis na manna su a jikin allurar, na ɗora farantin sola a can ƙoli, na daidaita komai a ƙarƙashin madubin, na bar shi ya bushe na tafi na kwanta ina jin daɗi.

Da na dawo daga sallar asuba na leƙa teburin, sai na tarar kan madubin ya sunkuyo gaba ɗaya ya kwanta a kan jirgin. Fikafikai biyu na sama sun lanƙwashe, ɗaya ya ɓalle daga gindinsa, allurar ta karkace, farantin solar kuwa sai a ƙasan tebur na tsince shi. Babu wanda ya shiga ɗakin, ƙofar a kulle take, makullin yana aljihuna. Da na duba wuyan madubin sai na ga haƙoran notin da ke riƙe kan sun cinye sarai, har garin ƙarfe ya zuba a kan gindin, alhali ban taɓa ɗaure shi da filaya ba, da yatsu kawai nake murzawa. Ƙarfen ne mara kyau, irin wanda farce yake iya yi wa zane. Abin da aka ƙera musamman don ya tsaya cik a kan aiki mai laushi, a ce nauyin kansa ne ya kayar da shi cikin mako uku, wannan ba tsautsayi ba ne, ha'inci ne a wurin ƙira.

Wani abokin aikina da na nuna wa ɓarnar ya yi dariya ya ce ai na kwaikwayi jirgin har ƙarshensa, tun da shi ma karyewar fiffike ce ta kawo ƙarshen aikinsa a tashinsa na 72, ranar 18 ga Janairun 2024. Na amsa masa cewa wancan tashi biyar aka tsara masa ya yi 72, ko tashinsa na farko ma, ranar 19 ga Afrilun 2021, ya yi sakan 39 a sama, nawa kuwa ko aji bai shiga ba. Na yi dariyar tare da shi, amma raina a ɓace yake.

Ranar Asabar na biya kuɗin mota na koma Birnin Kebbi da madubin a jaka. Mai shagon ya juya shi, ya ce: "Malam, wanga abu ai hannunka ne ya yi mai yawa, kuma kaya in sun fita ba su komowa." Ban ja da shi ba. Wani matashi mai gyaran waya da ke zaune a bakin shagon ne ya karɓa, ya sa wani noti daga cikin tarkacensa, ya yanko 'yar roba daga tsohuwar robar cikin tayar keke ya saka tsakanin ƙarafan, cikin minti biyar wuyan ya tsaya daram. Ya ƙi karɓar ko sisi, ya kuma nuna mini yadda suke sa ɓawon wayar lantarki a haƙoran bakin kadan don kada su huda aiki, abin da da na sani tun farko da bai bar mini tabo a jikin katin ba. A hanyar dawowa har na fara gaya wa kaina cewa madubin ba shi da laifi sosai, noti ɗaya ne matsalarsa.

Wannan sassauci bai kai mako ba. Da na zauna sake yin fikafikan, sai na lura tsakiyar madubin ya yi fari-fari kamar hazon hunturu, kuma goge shi da tsumma bai ƙara masa komai ba sai zane. Tururin gam ɗin nan mai kamawa nan take ne ya hau shi, wanda a kan gilashi ana iya kankare shi da reza a wuce wurin, amma a kan roba sai ya zauna. A nan na ƙwanƙwasa shi da farce, abin da ya kamata in yi tun a shago, na ji ƙarar roba. Ke nan maganar gilashi da aka yi mini ba gaskiya ba ce, kuma wannan ya fi notin ƙona mini rai, domin noti masana'anta ce ta yi shi, wannan kuwa baki ne ya faɗa mini ina tsaye.

Yanzu ta gefen madubin nake leƙa aikin, inda bai dushe ba, wuyana yana ciwo, kuma kowane dare sai na juya kansa gefe na janye jirgin zuwa cikin gwangwanin madara kafin in kwanta. Fikafikai uku sun koma wurinsu, saura ɗaya. Na kira mai shagon a kan maganar robar, ya ce in yi haƙuri zai nemo mini na gilashi idan kaya sun iso daga Kano, yau mako uku ke nan ban ji daga gare shi ba.