Wata huɗu ina zuwa filin langa na manya, ga abin da na gani

Mutane da yawa a layinmu na Kantin Kwari suna ta tambayata wai ina nake zuwa da nake barin shago hannun yara tun kafin la'asar ranar Talata da Alhamis, wasu har sun ɗauka wani sabon kasuwanci na buɗe. To ba kasuwanci bane, filin wasa nake zuwa, kuma ba ƙwallo ba, wasannin nan ne da muka yi a dandali muna yara wani koci ya tattaro su ya maida su motsa jiki na manya yana karɓar kuɗi duk wata. Yau wata huɗu kenan ina zuwa shi yasa naga ya kamata in faɗi yadda wurin yake, da daɗinsa da kuma inda suka gaza, don duk mai niyyar zuwa ya san me zai tarar.

Shekarata 46, kuma duk wanda ya san zaman kasuwa ya san yadda yake, daga ƙarfe tara na safe kana kan benci har shida na yamma, in ka tashi to sallah ce ko banɗaki, abinci ma har inda kake ake kawo maka. Bara ciwon kai ya matsa min naje asibiti aka auna aka ce jinina ya hau, likita ya ɗora ni kan magani yace Alhaji magani kaɗai ba zai isa ba sai ka rage gishiri kuma ka dinga motsa jiki. Na ɗauki maganar da muhimmanci, naje wani jim na biya kuɗin wata uku a dunƙule, amma wallahi zuwana bai wuce sau tara ba. Ba wai wurin ba shi da kyau bane, kayan aiki akwai, matsalar ita ce ka hau injin gudun nan kana kallon bango kana ƙirga minti, minti goma sai ka ji kamar awa ɗaya, ga samari da abin kunne kowa na harkarsa ba mai ce maka sannu, in aka ɗauke wuta kuma kafin a tada janareto zuciyarka ta riga ta koma gida. Haka kuɗin nan suka tafi.

Wani abokina da muke sallar asuba tare shi ya ja ni wannan filin. Filin wata makarantar kuɗi ce suke haya bayan an tashi ɗalibai, da katanga da get, ƙasan yashi ne. Ranar farko na tarar da magidanta sun kai talatin, akwai direbobi, akwai malaman makaranta, akwai ma'aikacin banki, akwai wani dattijo ɗan fansho da kowa ke kira Baba. Kocin tsohon malamin motsa jiki ne a sakandare, mutum mai fara'a amma baya wasa da ƙa'ida. Abin da ya fara burge ni tun kafin in cire takalmi sai da ya zaunar da ni ya ɗaura min abin awon jini a hannu, ya tambaye ni ko ina da ciwon zuciya ko asma ko ciwon gwiwa ko suga, ya rubuta a wani littafi. Daga baya na ga da idona ya hana wani bawan Allah shiga saboda awon ya nuna sama sosai, yace masa Yallaɓai kayi haƙuri yau kallo za ka yi, ka je ka ga likita tukuna. Mutumin har ya ɗan ji haushi amma ni a nan na yarda da wurin.

Ana farawa da ɗumama jiki, a ɗan zagaya filin sau biyu a miƙe gaɓoɓi, sannan a yi da'ira a yi jini-jini. Kun dai san shi, jagora ya kira abu in mai jini ne a amsa in marar jini ne a yi shiru, da muna yara wanda ya kuskure duka yake sha, to a nan koci ya canza hukuncin ya koma tsallen kwaɗo guda biyar ko tsugunna-tashi goma. Sai ka ga babban mutum da gemunsa an ce dutse ya amsa da ƙarfi, filin gaba ɗaya ya kaure da dariya shi ma yana dariya yana tsallen. Daga nan a raba mutane gida biyu, wani lokaci tseren buhu, wani lokaci tseren ƙwai a cokali irin na inta-haus ɗin firamare, wani lokaci tsallen igiya, sai jan igiya wanda kusan kullum ana yi don shi ne kowa ke iya shiga ko mai ciwon gwiwa.

Amma langa ita ce uwar tafiyar, ita ake bari ƙarshe kuma ita kowa ke jira. Ga wanda ya manta, ka kama ƙafa ɗaya ta baya da hannunka ka dinga tsalle da ɗayar, kowane ɓangare na da ruwansa, wato mutum ɗaya da 'yan gidansa ke karewa, in ka saki ƙafa ko aka kada ka to ka mutu ka fita, ana so ruwa ya ratsa ya kai wurin sha ba a kashe shi ba. Rabona da langa tun ina aji biyu na sakandare a unguwarmu da daddare in akwai farin wata. Ranar da na fara ko minti ɗaya ban iya kaiwa a ƙafa ɗaya ba, cinyata kamar an zuba mata wuta, numfashi sama-sama. Amma akwai wata ranar Alhamis a wata na biyu da ba zan manta ba, Baba ɗan fansho ne ruwanmu, mu biyar muka rage su shida, muka sa shi a tsakiya muna tare masa hanya, wani direban tirela mai ƙirji ya nufo shi gadan-gadan na sha gabansa muka haɗa kafaɗa ni da shi muka zube tare, ina kwance cikin yashi ina jin ana ihu ruwa ya sha, ruwa ya sha, na ɗago kai naga Baba a wurin sha har yanzu riƙe da ƙafarsa yana haki yana dariya hularsa ta faɗi can baya. Da na duba agogo minti ashirin da biyar muka yi muna zagaye bayan zagaye, rigata sharkaf kamar an tsoma a ruwa, kuma ko sau ɗaya ban tuna cewa motsa jiki nake ba. A kan injin can minti goma ne ke gagarata.

Kuma kada wani ya raina ta yace wasan yara ce. Koci ne ya fara gaya mana, langa da dambe da kokawa suna cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka fara tun 1973, jihohi na tura 'yan wasa a ci lambar zinare. A can ma kashi uku ake yi, akwai ruwa akwai tureshi akwai kawoshi, sunayen ma sun faɗi abin da ake yi. Mu a filinmu ruwa aka fi yi sai tureshi jefi-jefi.

Wata rana na zauna na yi lissafi, Hukumar Lafiya ta Duniya tace baligi ya samu aƙalla minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a sati. Mu sau uku ake fita, Talata da Alhamis bayan la'asar sai Lahadi bayan asuba, awa ɗaya-ɗaya a rubuce, amma in ka cire surutu da rabon gida da musun wa ya saki ƙafa wa bai saki ba, ainihin motsin bai fi minti 45 ba, uku kenan 135, bai kai ba. Shi yasa na ƙara da takawa daga gida zuwa masallacin Juma'a da dawowa maimakon hawa mashin. Wanda yake tunanin filin kaɗai ya wadatar to ya sake lissafi.

Yanzu bari in zo inda raina ya ɓaci da su. Na farko filin bai da kyau ta gefen gabas, akwai ramuka da yashi ya rufe, kuma langa da rami ba sa haɗuwa. A sati na bakwai ƙafata ta faɗa ɗaya na yi targaɗe, idon sawuna ya kumbura nan take, aka nemi akwatin agajin gaggawa babu, ko bandeji babu, sai wani yaro aka aika shagon bakin get ya siyo ƙanƙara a leda. Kwana goma sha biyu ban je ba. Wurin da ake karɓar kuɗin mutane kuma ake sa masu shekara hamsin tsalle da ƙafa ɗaya bai kamata ace babu bandeji da man zafi ba, na faɗa wa koci gaba da gaba, ya ba ni haƙuri ya siyo akwatin, amma ramukan har yau ana cewa mai makaranta ne zai cike.

Na biyu haɗa samari 'yan shekara ashirin da biyar da dattawa a tureshi ganganci ne. Yaro mai jini a jika ya bangaje mai shekara hamsin da biyar ya faɗi kan ƙugu ai ba ƙaramar magana bace. Kwanan nan ne bayan mun yi ta ƙorafi aka fara ware 'yan sama da arba'in daban, shi ma sai ranar da aka cika. Kuma gaskiya duk mai ciwon gwiwa ko mai nauyi sosai ban ba shi shawarar ya fara da langa ba, ya tsaya a jan igiya da jini-jini da tafiya sai jiki ya saba. Sai rashin kiyaye lokaci, a ce ƙarfe huɗu da rabi sai biyar saura a fara, lokacin hunturu kuwa rana na saurin faɗuwa ga ƙura, sai a yanke langar saboda magariba ta kawo jiki. Fiya wata ma da suke siyarwa a ciki ya fi na waje tsada, ka taho da gorarka kawai.

Kuɗin naira dubu shida ne a wata, in kuma na rana ɗaya kake so ka gwada ɗari bakwai, in ka kwatanta da abin da jim ke karɓa yanzu a garin nan da sauƙi sosai. Ba ka buƙatar wasu kaya, wando mai laushi da riga da kambas, wasu ma ƙafa ba takalmi suke yi amma bayan abin da ya same ni ni kam da kambas nake shiga.

Akwai ɓangaren mata ranar Asabar da safe, mace ce ke koyarwa a rufe get ba namijin da ke shiga har maigadi waje yake zama. Maiɗakina ta fara zuwa wata biyu da suka wuce, tace 'yar gala-gala suke yi da tsallen igiya da gaɗa, ta dawo tana ba ni labarin wata Hajiya mai jikoki da ta fi kowa iya gala-gala. Ƙorafinta ɗaya ne, maza sau uku mata sau ɗaya, kuma ina ganin tana da gaskiya don su ne ma suka fi mu zama wuri ɗaya.

Ni dai abin da na gani a jikina, benen da sitonmu yake a kasuwa da sai na tsaya a tsakiya na huta yanzu ina hawa kai tsaye, barci kuma ina kwanciya sai asuba. Awon jinin ya sauko, likita ya ji daɗi amma yace in ci gaba da shan maganina kuma ban fasa ba ko kwana ɗaya. Jiya na biya kuɗin wata na biyar, kuma mun yi magana da mutum shida cewa in mai makaranta bai cike ramukan nan ba kafin ƙarshen wata za mu haɗa kuɗi mu siyo yashi tifa ɗaya mu baje da kanmu ranar Lahadi kafin a fara wasa.