Hayar mota a Ingila: ranar da kuɗin kawu suka ƙi amfani

Kawuna ya zo Ingila bikin kammala karatun ɗiyarsa, shi da Hajiya da ƙanwarta, to ni ne ɗan gida a nan Manchesta, dole ɗawainiyar zirga-zirga ta faɗo kaina. Kun dai san tafiyar mutanenmu, akwatuna manya ga jaka cike da acca da kuka da daddawa da za a raba wa 'yan uwa har Landan, 'yar motata kuwa ko mutum huɗu ta ɗauka sai ta fara nishi. Na duba kuɗin jirgin ƙasa na mutum biyar zuwa da dawowa na ga ba za ta ɓulle ba, sai na shiga shafukan nan da ke jera maka farashin kamfanonin haya, na samu mai kujera bakwai fam 41 a rana. Da na faɗa wa kawu har dariya ya yi, yace ai wannan ya fi shatar Siyana daga Jos zuwa Abuja sauƙi, ashe ƙasar ma ba tsada kuke ta tsorata mutane. Ni dai na yi shiru, don na san farashin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe ba shi ne farashin ba.

Muka je ofishin da safe, kawu ya sha babbar riga da hula zanna, mutum ne da yake da motoci tun kafin a haife ni, a Bauchi Road babu wanda bai san shi ba. Muna isa kanta ya dafa kafaɗata yace "kai ɗan nan mayar da katinka, ni na kawo tafiyar ni zan biya", ya zaro sabbin fam ƙar da ya canjo a Zone 4 ya ajiye. Yarinyar da ke kanta ko taɓa kuɗin ba ta yi ba, ta yi murmushin nan nasu tace ba sa karɓar tsabar kuɗi. Ya zaro katinsa na dala, tace shi ma a'a, sai kiredit kad, kuma dole sunan da ke jikin katin ya zama sunan wanda zai tuƙa. Kawu yace in gaya mata ta kira manaja. Manajan ya fito, yaro ne da bai wuce sa'an autan kawu ba, ya maimaita maganar tiryan-tiryan ya koma ciki abinsa. Ga layi a bayanmu ana kallo. Wallahi ban taɓa ganin fuskar kawu haka ba, ya tattara kuɗinsa a hankali yana cewa "ikon Allah, mutum da kuɗinsa a hannu".

Dalilin da suke nacewa kan katin shi ne ba kuɗin hayar ne ya dame su ba, jingina suke so. A kaina sai da suka riƙe fam 1,200 a katin, ba su cire ba amma ba ka isa ka taɓa su ba sai ka dawo da mota lafiya, wani lokacin ma sai an ƙara kwanaki kafin banki ya sake su. A canjin lokacin da fam ɗaya ke wajen naira 2,000 ku lissafa da kanku. Akwai kamfanonin da ke yarda da debit kad amma sai sun ƙara sharuɗɗa, kuma galibi ba a kan manyan motoci ba.

Wannan fam 1,200 ɗin shi ake kira ekses, kuma duk rikicin hayar mota a ƙasashen nan a kansa yake. Motar tana zuwa da inshora a cikin farashinta, gaskiya ne, amma in wani abu ya same ta kai za ka fara biya daga aljihunka har zuwa wannan adadin sannan inshora ta ɗauki sauran. Wato ƙarzanen da fanel bita a Farin Gada zai shafe maka kana tsaye kana shan rake, a nan zai iya cinye albashinka na sati biyu. Kuma inshorar da ke cikin farashin sau da yawa ba ruwanta da taya, da gilashi, da rufin mota, da ƙarƙashinta, da makulli in ya ɓata, ko in ka ɗura fetur a motar dizal. A gidan mai na nan koren famfo shi ne fetur, baƙi dizal, kuma kai za ka zuba da hannunka, ba wani yaro da zai tambaye ka na nawa.

Daga nan sai yarinyar ta shiga aikinta na gaske, tace in na ƙara fam 26 a kowace rana za su mayar da ekses ɗin sifili. Ku duba fa, fiye da rabin kuɗin motar. Kuma sun iya tsoratarwa, sai ta riƙa lissafo maka abin da zai iya faruwa a hanya har ka ji kamar ka riga ka yi hatsarin. Nace mata na gode ina da tawa. Akwai kamfanonin da sana'arsu kenan, sayar da inshorar ekses kawai, ka saya a intanet kafin ka je karɓar mota, ni ta shekara guda na yanka kuma abin da na biya bai kai abin da kantar za ta caje ni na kwana uku ba. Sai dai tana da nata wahalar, jinginar nan dole a riƙe ta a katinka, in an samu matsala kamfanin haya zai cire kuɗinsa tukuna, kai kuma ka bi naka da rasit da hotuna. Kuma da yawansu mazauna ƙasar kawai suke sayar wa, don haka wanda zai zo daga gida da bizar ziyara ya karanta wannan layin da kyau kafin ya biya.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan maganar tuƙi. Kawu yace a sa sunansa shi ma, tunda tafiyar da nisa sai mu riƙa karɓar juna. Doka ta yarda, baƙo na iya tuƙa ƙaramar mota da lasin Najeriya mai rai har wata 12, amma kowane ƙarin direba da kuɗinsa a kullum, kuma sai sun ga lasin da idonsu da fasfo, wasu ma har lasin ƙasa da ƙasa suke nema. Ina lasin kawu? Yana cikin aljihun motarsa a Jos. Yace akwai hotonsa a waya, tace hoto ba lasin ba ne. Shikenan aka rufe wannan babin, a zatona.

Mun yi nisa a kan babbar hanyar M6 muka tsaya wurin hutawa muka yi azahar da la'asar, muna dawowa wajen mota kawu ya miƙo hannu yace kawo makullin, ka gaji, idonka ya yi ja. Nace Kawu ka yi haƙuri ba zai yiwu ba. Ya dube ni sama da ƙasa. Yace "ni da nake sauka Hawan Kibo da tsakar dare cikin hazo tun uwarka ba ta yi aure ba, wannan shimfiɗaɗɗen titin ne zai gagare ni? Hannun hagun ma ai mun san shi, da idona na ga ranar da aka canja hannu a 1972." Hajiya tana ta min ido wai in ba shi. Ku da kuka san tarbiyyarmu kun san nauyin abin, ƙanin mahaifiyarka ya miƙo hannu a gaban iyalinsa ka hana shi. Amma a nan inshora ba a jikin mota kaɗai take ba, tana bin sunan mai tuƙi ne. In aka tsare shi ko ya ɗan goge wani, tarar fam 300 ce da maki 6 na laifi da ake rubutawa a kan lasin mutum, 'yan sanda na da ikon ɗauke motar nan take, ni ma da na ba shi makullin laifi ɗaya ne a kaina. Kuma lasina na nan bai cika shekara biyu ba, a dokarsu sabon direba in ya tara maki 6 cikin shekara biyun farko soke lasin ake yi ya koma ɗan koyo. Na yi masa wannan bayanin duka, yace "to Bature", ya shiga baya ya zauna, har muka shiga Landan bai sake min magana ba sai da ya ga ina neman wurin fakin ya fara ba ni umarni ta taga.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ni kaina na san a wani ɓangaren yana da gaskiya. A Jos wa ke tambayar sunan wa ke kan takarda? Matarka ta fara naƙuda ƙarfe biyun dare ka buga ƙofar maƙwabci ya miƙo maka makulli ta taga ko fitowa ba sai ya yi ba. Ranar ɗaurin aure motocin abokai goma a ƙofar gida, ba wanda ya sa hannu a komai. A nan abokinka na ƙut da ƙut zai so ya ara maka amma ba hali, sai dai ku sayi inshorar wucin gadi ta awoyi a waya, ita ma yawanci sai mai lasin ƙasar. Ranar da na fara neman inshorar 'yar motata na gane duk shekarun da na yi ina tuƙi tsakanin Jos da Abuja a wurinsu ban taɓa riƙe sitiyari ba. Lasin Najeriya ba ya cikin waɗanda ake musanyawa kai tsaye, alhali na Afirka ta Kudu da Zimbabwe suna ciki, dole ka zauna jarrabawar kwamfuta ta fam 23 sannan ta tuƙi fam 62, ban da kuɗin malamin koyarwa wanda shi ne ainihin kashe kuɗin. Farashin inshorar kuma ya danganta da unguwarku, da aikin da kake yi, da shekarunka, da inda motar ke kwana. In ka ce wata-wata za ka riƙa biya akwai ruwa a kai, ga mai gudun riba sai ya nemo na shekara ya biya gaba ɗaya.

Landan kuma wata masifar ce daban, ba geti ba ɗan sanda, kyamara kawai. Tsakiyar gari akwai kuɗin cunkoso tun 2003, mashigar Dartford kuma, inda ake tsallake kogin Thames, tun 2014 aka cire rumfunan karɓar kuɗi, kai za ka tuna ka biya a intanet kafin sha biyun daren washegari. In ka manta takardar tara kamfanin haya za ta je wa, su kuma su ɗora nasu kuɗin wahala a kai su cire a katin nan da ka bar musu.

Da muka mayar da motar wani ya fito da tocila da tablet yana zagaya ta yana durƙusawa kamar mai duba ragon layya a 'Yan Shanu. Ya nuna wani ƙarzane a rim, na buɗe masa bidiyon da na ɗauka ranar karɓa, da shi muka same ta, ya wuce. Amma a gilashin gaba akwai ɗan tabo inda tsakuwa ta fallatso a hanya, wannan kam a hannunmu ya faru, suka cire fam 185. Na tura wa masu inshorar ekses ɗina rasit da takardar haya da hoto, ban san kowa a can ba, ban kira kowa ba, ban ce a gaida oga ba, kafin wata ya ƙare kuɗina suka dawo cif. Gaskiya wannan ya burge ni, kuma shi ya sa raina ya ƙara ɓaci da namu halin.

Don mu ma fa a Najeriya muna da dokar inshorar mota ta dole tun 1945. Daga Janairun 2023 NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora, ta mayar da inshorar dole ta ƙananan motocin gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, kuma abin da za a iya biyan wanda ka yi wa ɓarna ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3, a Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara kame a kanta. Amma tsakani da Allah cikinku wa ya taɓa zuwa neman a biya? Mun mayar da ita takardar nuna wa VIO da 'yan Rod Sefti, ka ba wani ɗan kamasho a bakin ofishin lasin ya haɗo maka ita da sauran takardu, ko sunan kamfanin ba ka karanta ba. In an yi karo a Terminus ko AYA sai a fito a tare hanya, a yi ta ka san ko ni waye, jama'a su taru, wani dattijo yace a yi haƙuri tsautsayi ne, a ƙarshe mai ƙaramin ƙarfi ya tafi da asararsa. Masu cewa inshora haramun ce kuma ga takaful nan, inshorar tsarin Musulunci, an kawo, ita ma ba ku yi ba, to ashe ba addinin ne ya hana ba.

Zan shigo gida Disamba in sha Allah, kuma ba zan ɓoye muku ba ina ɗokin irin hayarmu, mota da direbanta, ba kati ba jingina, ku daidaita a waya ya jira ka a filin jirgin Abuja, a Akwanga ku tsaya ku ci abinci tare. Na riga na kira wanda ya saba ɗauka ta, mun gama ciniki sai nace ya turo min lambar motar in duba inshorarta a shafin NIID, inda ake tantance ko inshorar mota ta gaske ce. Yace haba yallaɓai, takarda ai sabuwa ce fil, watan jiya aka yi ta. Na sa lambar, babu ita. Yace bari ya koma wurin yaron da ya yi masa, zai kira ni.