Asuwaki ko burushi: amsa ga ɗan'uwanmu na Aboabo, Kumasi

Malam, ka ce mahaifinka, Allah ya jiƙansa, asuwaki kawai ya sani, kuma ya koma ga Allah da haƙoransa cif, alhali 'ya'yanka suna goge baki da burushi da mai kowace safiya, amma biyu daga cikinsu sun riga sun yi kogon haƙori. Tambayarka ita ce wanne ya fi a cikin biyun.

Aikin da suka yi tarayya a kansa shi ne kankare dauɗar nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori, wadda ƙwayoyin cuta ke zaune a cikinta. A wannan aiki asuwaki ba kanwar lasa ba ne, ko na darbejiya ne ko sokodua da ake sayarwa ɗauri-ɗauri a kasuwar Kejetia, muddin an tauna bakinsa ya yi laushi, an kuma bi haƙora ɗaya bayan ɗaya. Ga shi sunna ne, yana shiga aljihu, mutum yana iya yin sa a kowace alwala. Inda ya gaza shi ne siffarsa, domin sanda ce miƙaƙƙiya wadda ba ta kai wa bayan haƙora da turamen can ciki yadda ya kamata. Na sha ganin dattawa a ƙofar masallaci suna ta dirzar haƙoran gaba da ƙarfi har dasashi ya janye, na ciki kuwa ko taɓa su ba a yi ba.

Burushi mai laushi yana shiga waɗannan lunguna, sai dai babban fifikonsa yana cikin man da ake sa masa. Sinadarin fuloraid da ke cikin man yana ƙarfafa ɓawon haƙori, yana kuma gyara wurin da ya fara zaizayewa, shi ya sa ya kamata a duba jikin kwali a ga an rubuta 1000 zuwa 1500 ppm, wato ma'aunin yawan fuloraid da ke cikin man. Amfaninsa yana samuwa ne idan an goge sau biyu a rana, minti biyu, an tofar ba tare da kurkure baki da ruwa nan take ba. Gugar dare ta fi muhimmanci saboda miyau yana raguwa a lokacin barci, kuma ita ce yawancin gidajenmu suke tsallakewa.

A ganina, abin da ya raba mahaifinka da jikokinsa yana cikin abin da ke shiga baki. Duk lokacin da sukari ya taɓa haƙori, ƙwayoyin cuta suna mayar da shi tsami mai cin ɓawon haƙori na kusan rabin awa ko fiye. Ka lissafa ranar yaro guda a zango: koko da sukari cokali uku da safe, alewa a hanyar makaranta, sobolo mai sanyi da rana, biskit bayan makarantar allo, sannan shayi da madara kafin kwanciya. Bakin nan bai huta ba tun asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin ƙaramin cokali 12 ga babba, na yaro kuma bai kai haka ba.

Akwai kuma ɓarnar da asuwaki ko burushi ba za su hana ta ba, kamar buɗe murfin kwalba da haƙori, da guga da gawayi ko toka, da ajiye garin taba a leɓe.

Saboda haka shawarata ita ce ka riƙe asuwaki da rana, ka sa yaran su goge da burushi safe da dare a gabanka, da mai kamar ƙwayar wake, na ƙasa da shekara 3 kuwa kamar ƙwayar shinkafa. Zaƙi kuma a haɗa shi da lokacin cin abinci. Su biyun da suka yi kogo, guga ba za ta cike shi ba, don haka ka kai su sashen haƙori na asibitin Komfo Anokye ko wanda ya fi kusa da kai tun ciwon bai kai jijiya ba.