Fitilar LED mai jure fashewa: yadda ta yi mana aiki a rumfar cika tukwanen gas

Ni ke kula da lantarkin wata tashar cika tukwanen gas, kuma fitilun LED masu jure fashewa da muka kafa a rumfar cikawa sun ga damina sun ga rani, don haka yanzu ina da bakin magana a kansu. Fitila ce mai kyau, zan kuma sake sayenta. Sai dai duk wanda ya ɗauka da ya rataye ta shi ke nan ya gama da batun gobara, ya yaudari kansa, domin rabin amincinta yana hannun wanda ya ɗaura ta ne.

Tamu mai wat 60 ce, gangar jikinta zubin alminiyam, fuskarta gilashi mai kauri. A farantin da ke jikinta an rubuta Ex db IIB T5 Gb, da IP66, da zafin muhalli daga -20 zuwa +55 a ma'aunin Selsiyos. Wannan rubutu shi ne abin da mutum ke biyan kuɗinsa. Ex db, ko Ex d, na nufin ganga mai jure fashewa, IP66 kuma kariya ce daga ƙura da feshin ruwa. IIB na nuna rukunin gas ɗin da aka gwada ta da shi: IIA na su furofen ne, wato irin gas ɗin da muke cikawa, IIB na su etilin, IIC kuma na haidurojin da asitilin, waɗanda suka fi kowa saurin kamawa. Mai IIB ta wadatar a inda ake buƙatar IIA, don haka a wurinmu har da rara. T5 na nufin zafin bayanta ba zai wuce digiri 100 ba, alhali furofen sai ya haura digiri 450 kafin ya kama da kansa. Gb kuwa izini ne na shiga Shiyya ta 1, wato inda ake sa ran gas zai riƙa fita jefi-jefi ana cikin aiki na yau da kullum. Bakin injin cikawa ke nan, inda duk tukunyar da aka zare wa tiyo sai ta yi ɗan huci.

Batun +55 ɗin nan ina so a kula da shi. Idan ba a rubuta komai a farantin ba, ƙa'idar IEC 60079, wadda ake gwada irin waɗannan kayan da ita, ta ɗauka zafin wurin ba zai wuce digiri 40 ba. Ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana kuwa, can sama inda fitilar take, wuce 40 ba abin mamaki ba ne. Da zarar an wuce abin da aka gwada ta a kai, lissafin T5 ɗin ya tashi daga aiki.

Abin da ya fi ba yaran aikina mamaki shi ne da na ce musu gas na iya shiga cikin fitilar. Ba a ƙera ta don ta hana shi shiga ba. An ƙera ta ne ta yadda in ya shiga, tartsatsi ya kunna shi, gangar za ta shanye fashewar ba ta tsage ba, harshen wutar kuma sai ya bi ta wata doguwar siririyar rata tsakanin murfi da gangar, ƙarfe ya zuƙe zafinsa kafin ya kai waje. Dabarar tsohuwa ce: ita Humphry Davy ya yi amfani da ita a 1815 lokacin da ya lulluɓe fitilar masu haƙar kwal da ragar waya. In ka kwance murfin tamu za ka ga wannan fuska, an goge ta sumul tana ƙyalli kamar bayan sabon cokali, ratar kuma ko rabin milimita ba ta kai ba. Ƙarzanen sukudireba guda a wurin ya isa ya lalata fitilar baki ɗaya, kuma za ta ci gaba da haske lafiya lau, babu abin da zai nuna maka. Shi ya sa ba a yi wa fuskar fenti, ba a goge ta da sanfefa, sai ɗan giris marar daskarewa irin wanda kamfanin ya amince da shi don tsatsa.

Haske dai babu laifi. Dogayen ƙwayaye masu bututu da muke da su a da sai sun yi ta kyafta ido kafin su kama, wannan kuwa kana taɓa makunni ta tashi. Masu cikawa da dare suna karanta lambar sikeli da nauyin da aka buga a wuyan tukunya ba tare da sun sunkuya ba, kumfar sabulun da ake gwada yoyo da ita ma ana ganinta sarai a kan bawul. Babbar ribar a wurina ita ce ba a buɗe ta. Tsofaffin, duk ƙwan da ya mutu sai an kashe wuta daga tushe, an tsayar da cikawa, an auna ko akwai gas a iska, an kwance murfi, kuma kowace buɗewa dama ce ta a bar noti ɗaya sako-sako. Waɗannan tun da aka ɗaure su, ƙura kawai muke gogewa daga haƙarƙarin bayansu don zafi ya samu hanyar fita.

Inda ta gaza, na farko nauyi. Mutum ɗaya a kan tsani ba zai riƙe ta ya ɗaura ba, sai biyu. Tana kuma kashe ido idan aka sa ta ƙasa-ƙasa. Guda biyu da ke fuskantar masu lodi sai da muka karkatar da su.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne gilan, wato maƙogwaron da kebur ke shiga fitilar ta cikinsa. Babu shi a kwali, takardar da ta zo da ita ma a layi ɗaya ta ambace shi da ƙananan haruffa. Ɗan kwangilar da ya fara ɗaurawa ya kawo gilan na roba irin na gida, ya toshe ramin da ya rage da tef. Da na tsayar da shi sai ya ce, "Oga, ai fitilar ce mai takarda, wannan waya ce kawai." Na ce masa, "Malam, in wuta ta tashi a ciki, ta wace ƙofa kake jin za ta fito?" Sai da muka jira gilan na tagulla mai shaidar Ex d da murfin toshe rami mai irin wannan shaidar kafin aka ba da wuta. Kamfanin da ya san fitilarsa ba ta da amfani sai da waɗannan ƙananan abubuwa, ya kamata ya haɗo su, ko aƙalla ya rubuta gargaɗin da manyan baƙi a bayan kwali.

Guda ɗaya ta mutu bayan wata tsawa. Na'urar daidaita wutar da ke cikinta ce ta ƙone, kuma ba abin da ake gyarawa a kan benci ba ne, domin duk canjin da kamfani bai amince da shi ba yana soke shaidar. Muka mayar, aka musanya, amma ɗaya cikin layukan cikawa ya yi kwanaki a rabin duhu. Mai saye ya ajiye ta ko-ta-kwana, ya kuma sa abin kare hauhawar wuta a allon rarrabawa, can wajen shiyyar haɗari.

Kafin a biya, a karɓi lambar takardar shaidar. Idan ta IECEx ce, wato tsarin shaida na ƙasa da ƙasa, ana iya duba ta a shafinsu na intanet a ga ko sunan kamfani da samfurin sun yi daidai. Idan ta ATEX ce, dokar Tarayyar Turai mai lamba 2014/34/EU, a nemi kwafinta. Lambar da ta ƙare da X tana da sharuɗɗa na musamman da dole a karanta. A tuna kuma gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, kuma kusan kashi 2 cikin 100 a iska ya isa ya kama, don haka makunni da akwatin haɗa waya da ke ƙasa sun fi fitilar da ke sama shiga haɗari. Masu ɗakin cajin batir ko wurin cika asitilin, wannan samfurin ba naku ba ne, mai IIC za ku nema.