Massey Ferguson 135 da aka tayar daga ajiya: injin ya burge ni, sabon famfon gas ya ɓata min rai

Taraktar nan ta fi shekara 10 a ƙarƙashin rumfa, amma injinta na Perkins mai silinda 3 bai kafe ba. An cire nozul (masu fesa gas cikin silinda), aka zuba ɗan bakin mai a kan kowane fistin, aka bari ya kwana biyu, sannan aka juya injin da hannu. Tankin sai da aka sauke shi aka wanke, domin ƙasansa duk ruwa ne da tsatsa. Bakin mai kusan lita 6, sabuwar filta, batir mai bolt 12, aka daidaita bawul a milimita 0.30 injin na sanyi. Da aka fitar da iska ta kusoshi biyun da ke jikin famfon CAV (babban famfon da ke tura gas zuwa nozul), aka sassauta bututun nozul har gas ya feso, ta kama. Injin da aka daina ƙera taraktarsa tun shekarun 1970, ga shi yana tafiya sumul, hayaƙin ma ya washe cikin minti kaɗan.

Abin da ya ƙona min rai shi ne ƙaramin famfon da ke jawo gas daga tanki. Tsohon ya bushe, na sayi sabo, mai shagon yana ta rantsuwa cewa mai kyau ne. Kafin a gama haron kadada ɗaya, allurar matsin mai ta fara sauka. Aka zaro sandar awo, mai ya haura layin sama, ya tsinke, sai warin gas yake. Robar da ke cikin famfon ce ta tsage, gas yana zurarewa kai tsaye cikin bakin mai. Wanda bai kula da allurar nan ba, metal ɗin injinsa (ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu) zai lalace, daga nan sai buɗe inji gaba ɗaya. Saboda 'yar roba sai da aka zubar da sabon mai da sabuwar filta. Kuma ashe tun wajen ɗaurawa an ga alama: hannun famfon bai zauna daidai a kan kamshaf (sandar injin da ke motsa shi) ba, gasket ɗin da ya zo da shi kuwa siriri ne ainun. A ƙarshe tsohon famfon aka buɗe, aka sa masa sabuwar roba da bawul biyu, shi ke aiki har yanzu.

Kuloci ya manne da tsatsa, abin da ba a rasawa a doguwar ajiya, ya saki da inji ya ɗauki zafi ana tafiya a giya ta ɗaya, ƙafa na kan feda. Man giyabos kuwa ya zama fari saboda ruwan sama da ya shiga ta yagaggiyar robar sandunan giya. Lita kusan 30 ne, kuma shi haidirolik ke sha, don haka a canza shi kafin a ɗaga garma.

Ga mai gonar kadada 5 zuwa 10, taraktar ta isa, garma mai faifai 2 ba ta ba ta wahala. Amma irin sabon famfon gas ɗin nan da na saya ko kyauta aka ba ku kada ku ɗaura. In kun riga kun ɗaura, ku riƙa zaro sandar awo kowace safiya kuna shinshina ta kafin ku tayar da inji.