Manhajar girid da na zana Ƙofar Fada da ita

Wata biyu kenan ina amfani da wata manhaja da ke shimfiɗa layuka gida-gida a kan hoto, wadda masu zane ke ce wa girid, kuma tunda abokai na ta tambayata ko tana da amfani bari in faɗi abin da na gani. Kawuna da ke zaune a Legas ne ya kira ni ya ce "ɗana, ka zana min Ƙofar Fadar Zazzau da fensir, babba, in rataye a falo, kewar gida ta ishe ni." Na ce to Kawu an gama insha Allah. Amma duk wanda ya san ƙofar nan ya san ba aikin ido kaɗai ba ne, adon bangon ya nannaɗe cikin juna, in awo ɗaya ya kuskure sai sauran duk su bi shi.

Aikinta ba wuya. Ka ɗora hoto, ka faɗa mata gida nawa kake so a kwance nawa a tsaye, sai ta raba maka kamar gurbin dara, har da lamba a gefe. Kai kuma ka ja irin layukan a takardarka da rula, ka riƙa kwafe abin da ke cikin gida ɗaya kafin ka wuce na gaba. Hotona na waya 4 da 3 ne, sai na raba shi 12 a kwance 9 a tsaye, gida 108 kenan.

Nan fa wurin da nake so ku kula, don manhajar ba ta gargaɗin mutum. Takardar A3 tsawonta santimita 42, faɗinta 29.7. Ni sai na raba takardar gaba ɗaya 12 da 9, gidajen suka fito 3.5 da 3.3, ka ga ba murabba'i ba ne, kuma a ido ba za ka lura ba sai ka yi nisa ka ga ƙofar ta baje kamar an danne ta daga sama. Kwana uku na aiki suka tafi. Da na sake sai na yi kowane gida santimita 3 cif, zanen ya ci 36 da 27, ragowar takardar ta zama gefe. Daga nan komai ya zauna.

Da farko zuciyata ba ta kwanta ba, gani nake kamar satar amsa ce. Wani abokina da ya karanta zane a ABU Samaru ya ce min haba malam, ai Misirawan dā ma da girid suke zana mutum a bango, gida 18 daga tafin ƙafa zuwa goshi inda gashi ke farawa. Ya ce layi awo kawai yake riƙe maka, inuwa da haske da nauyin hannu duk naka ne. Kuma wallahi haka na gani, don wurin shafa inuwar ƙarƙashin ƙofar babu layin da ya taimake ni.

Babban abin da na koya dai ba a cikin manhajar yake ba. Hoton farko da na ɗauka a karkace yake kaɗan, na ɗaga wayar sama don in samu kan ginin sai bangon ya riƙa tsukewa yana hawa, ita kuwa girid ba ruwanta, abin da ka ba ta shi za ta sa ka kwafa har da karkatar. Sai na koma cikin gari da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi, na gaida dogarai na nemi izini, na kunna layukan kyamarar wayata, waɗanda ke cikin saitin kusan kowace waya kyauta amma yawancinmu ba mu taɓa kunnawa ba. Layi biyu a tsaye biyu a kwance, gida tara. Na ja baya sosai na daidaita gindin bango da layin ƙasa, gefen ginin da layin tsaye, sannan na ɗauka.

Ana yawan cewa ka ajiye abin da kake ɗauka a ɗaya daga wurare huɗun da layukan nan ke haɗuwa, kada ka sa shi tsakiya, ƙa'idar kashi uku kenan. Na gwada a Dutsen Kufena da yamma, na bar wa sama kashi biyu dutsen ya zauna a layin ƙasa, gaskiya ya yi kyau matuƙa. Amma Ƙofar Fada da na tura gefe sai ta rasa kwarjininta. Ginin da hagunsa da damansa ke amsa juna tsakiya yake so, kuma a tsakiya na bar shi.

Inda manhajar ta ba ni haushi shi ne talla. Kana tsakiyar ƙirga gida sai bidiyo ya faɗo ya rufe fuskar wayar, ka dawo ka manta ko a na 7 kake ko na 8, sai da na koma kashe data kafin in buɗe. Sannan baƙin layi yana ɓacewa a kan wuri mai duhu, dole ka sauya masa launi, ni ja ya fi min. In ka jawo hoton kusa kuma lambobin gefe sai su fita daga fuska, shi ya sa daga baya na kai aka buga min hoton da layukansa a wani shago a PZ na manna a allo. Wannan ya fi min sauƙi nesa ba kusa ba.

Wanda hannunsa bai gama faɗawa ba, ko mai babban aiki irin na bango ko allon shago, ina ba shi shawarar ya sauke, irinta suna da yawa a Play Store kuma kusan aikinsu ɗaya. Ka dai ja layinka da fensir mai tauri irin 2H, a hankali ba dannawa, don HB na barin sawu ko ka goge. Zanen Kawu yana wajen mai firam a Sabon Gari yanzu, ranar Asabar zan karɓo in ba direba ya kai masa.