Ƙaramin Keken Ɗinki Mai Batir: Kyautar Sallar Da Zai Iya Ɗinkawa Da Wadda Ta Fi Ƙarfinsa

Da zarar azumi ya kama, tallan wannan ƙaramin keke yake cika Facebook da WhatsApp. Na roba ne, fari mai ratsin shuɗi ko ruwan hoda, mai ɗinki iri 12, ana sayar da shi da sunaye daban-daban amma ƙirar kusan ɗaya ce. Masu talla suna cewa wanda ya saye shi ya rabu da alkawarin tela. Ba haka ba ne. Na yi aiki da shi a kan atamfa, shadda, satin da yadin hijabi, kuma abin da na gani shi ne keke ne na ƙananan abubuwa marasa kauri. Muddin ninkin yadin da ke ƙarƙashin allura bai wuce huɗu ba, zai yi ɗinki mai tsafta wanda ba za a ji kunyar ba da shi kyauta ba. Daga biyar zuwa sama kuwa sai lallashi, daga takwas sai a haƙura.

Keken bai kai kilo 3 ba. Yana zuwa da adafta mai bolt 6, da feda, da kwarkwaro na ƙarfe, da allura, da abin zura zare. In babu wuta ana sa masa batir AA guda 4, amma kada a bar batir a ciki alhali an jona adafta. Gudunsa biyu ne, a hankali da sauri, kuma fedar ba ta ƙara gudu ko ta rage kamar ta babban keken lantarki. Makunni ce kawai: a taka ya tashi, a ɗaga ya tsaya. Tsawon ɗinki ma ba shi da nasa mabuɗin, yana cikin lambobin nan 12 ne, don haka miƙaƙƙen ɗinki 'yan tsayin da aka ba ka su ke nan. Abin da ya fi burge ni shi ne allurarsa irin ta keken gida ce, mai gefe ɗaya shafaffe, wadda ake rubuta HA×1 a fakitinta. Duk mai sayar da kayan teloli, daga Sabon Garin Kano har ƙaramar kasuwar unguwa, yana da ita.

Kafin a ɗinka komai, a cire zaren da ya zo da keken a ajiye shi gefe. Yana da gashi-gashi, yana tsinkewa, kuma shi ne ke sa mutane su yanke hukuncin keken bai da kyau tun ranar farko. A sayi zaren poliyesta mai lamba 40/2, a yi amfani da iri ɗaya sama da ƙasa. Babban ƙunshin zaren da teloli ke saye ba ya zama a kan sandar keken. A sa shi cikin kofi a bayan keken, a ɗago zaren ya bi ta wani abu da ya fi keken tsawo kafin ya sauko, ko kuma a naɗa shi a kwarkwaro a ɗora a sama. Sannan a auna rabin inci daga allura zuwa dama, a manna salatif a farantin keken, shi zai zama layin da bakin yadi zai riƙa bi. Duk awon da ke ƙasa an bar rabin inci na ɗinki a cikinsa.

Inda keken ya fi nuna bajinta shi ne jakar goron Sallah ta yara, mai igiyar zuƙewa. A yanka atamfa inci 7 faɗi, inci 18 tsawo, a ninka biyu fuska na kallon fuska, gindin jaka ya zama ninki ba ɗinki ba. A ɗinke gefe biyu, a tsaya saura inci biyu a kai baki. Wannan wurin da aka bari a kwantar da bakinsa da guga a bi shi da ɗinki, sannan a lanƙwasa bakin jakar kwata na inci, a sake lanƙwasawa kwata uku na inci, a ɗinka a gindin lanƙwasar. Hanyar igiya ke nan. Igiya biyu ake sawa, kowace inci 20, ɗaya ta shiga ta dama ta zagayo ta fito ta dama, ɗayar ta hagu, a ƙulle bakinsu. Faɗin atamfa yana kai inci 45, saboda haka yadi ɗaya yana fitar da jaka 12, kuma sababbin takardun kuɗi suna shiga a tsaye ba sai an lanƙwasa su ba. Abu ɗaya za a kula da shi: in zanen atamfar mai kai da ƙafa ne, kamar tsuntsu ko fitila, gefe ɗaya na jakar zai fito a kife. Irin wannan sai a yanka ƙyalle biyu na inci 7 da inci 9 da rabi a haɗa su a gindi.

Ba sai an taɓa sabon turmi ba. Ragowar ƙyallayen da tela ke dawowa da su, ko guntayen yadi da ake samu da araha a Kantin Kwari, sun wadatar. Amma sabuwar atamfa a jiƙa ta, a shanya, a goge tukuna. Akwai sitaci a jikinta, kuma wata tana zuba ko ta ɗan tsuke a wankin farko.

Ribom ɗin 'yan mata ma ba ya ba shi wahala. Ƙyalle inci 4 da inci 20, roba mai faɗin kwata na inci, tsawonta inci 8. A ninka ƙyallen a tsaye, a ɗinke, a juya, a zura robar da fil, a ƙulle ta da hannu. Kada a ce za a haɗa bakin robar da keken, haƙoransa ba sa jan abu siriri haka, sai dai zare ya taru wuri ɗaya. In satin ne, a sauya allura zuwa lamba 11, a shimfiɗa takarda marar kauri a ƙarƙashin yadin, in an gama a yage ta. Ba a yi haka ba, ɗinkin zai tattare, kuma guga ba ta miƙar da shi.

Rigar matashin falo ita ce ta fara nuna iyakar keken. Ga matashi mai inci 16 kowane gefe, a yanka ƙyalle ɗaya inci 17 da inci 40. A yi wa gajerun bakunan kalmasa, rabin inci sau biyu, a ninko su tsakiya yadda tsawon zai zama inci 16, baki ɗaya ya hau kan ɗaya da inci 6. Ba zif, ba maɓalli. Sai a ɗinke sama da ƙasa. Hanyar duk ninki biyu ko uku ce, keken yana tafiya lafiya, har sai ya iso kan kalmasa, inda ninki ya zama biyar. A nan za a ji injin ya canja murya. A ɗaga ƙafa daga feda, a juya wilin da ke gefen keken da hannu zuwa wajen mai ɗinki har a haye tudun. Wanda ya ci gaba da takawa, ko allura ta karye ko ta lanƙwashe ba tare da ya lura ba, daga nan kuma sai ɗinki ya fara tsallake. Yana taimakawa a bubbuga kalmasar da ƙotar almakashi ta kwanta, sannan a cusa ɗan ninkakken ƙyalle a bayan takalmin keken, wato ƙarfen da ke danne yadi a ƙarƙashin allura, don ya daidaita, kada gabansa ya ɗage.

Ƙaramar jakar zif ta carbi ko kayan kwalliya tana yiwuwa, da dabara. Takalmin da ya zo da keken mai faɗi ne, ba ya matsawa kusa da haƙoran zif, kuma kan zif ɗin yana tare masa hanya. Maganin shi ne a sayi zif na roba da ya fi jakar tsawo, inci 10 ga jaka mai inci 8, a ja kansa can gefe inda takalmin ba zai same shi ba, sai an zo haɗa gefe a dawo da shi tsakiya a yanke rarar. Zif mai haƙoran ƙarfe kada ma a fara. A manna wa atamfar gam-ste marar kauri da dutsen guga don jakar ta tsaya, shafin ciki kuma ya zama yadi mai laushi. A kusurwoyin sama, inda zif da atamfa da shafi suka haɗu, da hannu za a juya wili.

Jakar Alƙur'ani mai soso da hannaye, wadda mutane da yawa ke son yi wa iyaye da malaman Islamiyya, ta fi ƙarfinsa. Hannun jaka kaɗai ninki huɗu ne. A haɗa da jikin jaka, da shafi, da soso, an wuce abin da takalmin zai iya dannewa. Injin sai ya yi ta gurnani allura tana tsaye a cikin yadi. Giyoyin ciki na roba ne, in aka matsa masa suna cinyewa ko saitin allura da ƙugiyar ƙasa ya goce, shi ke nan allura za ta riƙa sauka ba ta ɗauko zaren ƙasa. Ga kuma ƙarancin fili tsakanin allura da jikin keken, babban abu ba ya wucewa sai an nannaɗe shi. Abin da za a iya yi shi ne a yanka, a ɗinka aljihu da shafi a gida, a kai wa mai baƙin keke ya haɗa hannaye. Haka ma abin sauke tukunya mai cikon auduga da rigar kular abinci.

Yadin hijabi mai talewa shi ma ban ba da shawararsa ba. Allura mai tsini tana sa ɗinki tsallake a kansa, mai dunƙulallen baki tana rage matsalar, amma tun da ba a iya sassauta dannawar takalmin, bakin hijabin yana fitowa a murɗe. Shadda kuwa ninki biyu tana ɗinkuwa da sabuwar allura lamba 14, sai dai duk inda allura ta huda ramin yana nan, in aka farke ɗinki sawunsa ba ya ɓacewa. A gwada a kan guntu tukuna.

Ƙorafin da aka fi yi a kan keken shi ne zare yana cukurkuɗewa a ƙarƙashin yadi kamar sheƙar tsuntsu. Mutane sai su yi ta taɓa kwarkwaro, alhali kusan kullum laifin daga zaren sama yake. In aka zura zare takalmi yana ƙasa, faifan da ke matse zaren a rufe suke, zaren sai ya bi ta gefensu bai shiga tsakani ba. A ɗaga takalmi, a zare zaren gaba ɗaya, a sake zurawa, a tabbata ya shiga ƙugiyar nan mai hawa da sauka. Sannan a riƙe jelar zare biyu, kowace kamar inci 4, a baya har a yi ɗinki uku na farko, kuma a fara daga ɗan cikin yadi ba daga bakinsa ba. In madaukai suna fitowa a ƙasa bayan haka, a ƙara matsin zaren sama kaɗan-kaɗan. In yadi yana tattarewa, a rage. Kwarkwaro kuma lallai na ƙarfe, domin maganaɗisu ne ke riƙe shi a gidansa, na roba zai yi ta juyi babu birki. A sa shi ta fuskar da zanen littafin keken ya nuna, kuma kada a cika shi har baki.

Sauran 'yan abubuwa ne da ke kashe keken da wuri. Kada a juya lambar ɗinki allura tana cikin yadi, za ta lanƙwashe. Kada a juya wili baya. Kada a kunna shi da zare babu yadi a ƙarƙashi. Gefen allura shafaffe baya yake kallo, kuma a tura ta har ƙarshe kafin a ɗaure. A babban gudu keken yana tafiya a kan tebur saboda rashin nauyi, a shimfiɗa masa guntun tabarmar roba. Injin yana ɗumi, bayan kamar rabin awa a bar shi ya huce, a goge burbushin zare daga gidan kwarkwaro da ɗan buroshi. Batir na fita kunya ne kawai: masu arha ba sa daɗewa, kuma da sun fara sanyi ƙarfin huda yadi yake raguwa tun kafin keken ya tsaya. Wutar da adaftar ke ja ba ta kai wat 10 ba, ƙaramar sola ta gida ta ishe shi.

Zigzag ɗinsa yana da amfani wajen kama bakin yadi kada ya zare, ko da yake bai kai wibin, wato ɗinkin injin kama bakin yadi na teloli, ba. Ɗinkunan ado da suka cika lambobin kuwa ban ga ranarsu sosai ba, a kan yadi ninki ɗaya suna jan sa su tattare. Ramin maɓalli yana yi, amma bai da kyan da za a sa shi a gaban riga.

Wanda ke son koya wa yarinya ɗinki, ko uwar gida da za ta yi jakunkuna da ribom na yaran dangi ta gyara kalmasar ɗankwali, kuɗinta ba su faɗi ba. Mai niyyar ɗinka kaya ya sayar, ko ɗinka kayan Sallar gida, gara ya ƙara haƙuri ya tara ya sayi kan baƙin keke irin su Butterfly, ko da na hannu ne. Miƙaƙƙen ɗinki kaɗai yake yi, amma cikinsa ƙarfe ne, kuma kowane mai gyaran keke yana da kayansa. Wannan ƙaramin in giya ta cinye, da wuya a samu wadda za a maye da ita.

In za a saya, ya fi kyau a saya inda za a gwada kafin a biya. A tafi da guntun atamfa, a ninka huɗu, a sa mai shago ya jona wuta. A yi miƙaƙƙen ɗinki da zigzag, a danna ribas, a juya yadin a duba ƙasansa. A girgiza sandar allura da yatsa, in tana lilo a karɓi wani. A duba feda da adafta suna cikin kwali, a ƙara da fakitin allura lamba 11 da 14 da kwarkwaron ƙarfe guda shida tun daga nan. Kuma a fara aikin a goman farko na azumi, domin abin da ya gagari keken sai an kai wa tela, kuma a goman ƙarshe babu telan da zai ajiye shaddar mutane ya haɗa hannun jaka.